Sauka a Otal Mai Matsakaicin Farashi Lokacin Tafiyar Aiki: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya je wani birni yawon buɗe ido da wanda ofis ya tura za su iya kwana a ɗakuna masu kama da juna, amma abin da kowannensu ke saya daban ne. Mai hutu yana sayen nishaɗi. Kai da aka tura, abu uku ne a gabanka: barcin da zai sa ka tashi da kanka a sake, tazarar da ba za ta sa ka makara ba, da takardar da akantan ofis zai karɓa ba tare da ja-in-ja ba. Duk amsoshin da ke ƙasa a kan waɗannan ukun aka auna su.

Wane irin otal ake kira mai matsakaicin farashi?

Shi ne wanda ya wuce masaukin kwana ɗaya a wuce, bai kuma kai otal ɗin alfarma mai dogari a bakin ƙofa ba. Za ka samu ɗaki da banɗakinsa, gado mai kyau, tebur da kujera, intanet, wurin karin kumallo, da ma'aikaci a teburin karɓar baƙi dare da rana. Sau da yawa akwai ɗan ɗakin taro ko biyu. Kada ka sa ran mai ɗauko maka jaka ko girki da ƙarfe biyun dare.

Wannan rukuni ya samo asali ne daga buƙatar matafiyi ya san abin da zai tarar tun kafin ya isa. Kemmons Wilson ya buɗe Holiday Inn na farko a Memphis ta Amurka a 1952 a kan wannan tunanin. Novotel ya fara a kusa da Lille ta Faransa a 1967, sannan a 1983 kamfanin Marriott ya buɗe Courtyard na farko a Atlanta, da nufin masu tafiyar aiki kai tsaye. Shi ya sa ɗakunan irin waɗannan otal-otal ke kama da juna har abin ya gunduri mutum. Ga mai aiki kuwa wannan kamannin alheri ne: ka san inda makunnin fitila yake tun kafin ka lalubo shi.

Taurari uku ko huɗu da ake liƙa wa otal abin dogaro ne?

Rabi da rabi. Babu hukuma ɗaya a duniya mai raba taurari. A 2009 wasu ƙasashen Turai, ciki har da Jamus da Austiriya da Suwizalan, suka haɗu suka yi ma'auni guda da ake kira Hotelstars Union. Faransa tana da nata tsarin. A Amurka gwamnati ba ta shiga harkar ba ma, ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke bayar da maki. A wasu wuraren kuma mai otal ne ke ba wa kansa.

Ko a inda ma'aunin yake da tsauri, yawancinsa ƙidayar kaya ce: akwai lif, faɗin ɗaki nawa ne, awa nawa ake tsaron teburin baƙi. Tauraro ba ya faɗa maka ko bango yana da kauri ko ruwan zafi yana zuwa da asuba. Wannan sai a bakin waɗanda suka kwana. Ka karanta sharhin watanni ukun baya, ka tsallake masu yabo da masu zagi, ka nemi ƙorafin da ya maimaitu a bakin mutane daban-daban. Mutum ɗaya ya ce akwai hayaniya, wataƙila shi ne mai saurin farkawa. Mutum shida suka faɗa, to akwai ta.

In zaɓi na kusa da wurin taro, ko mai sauƙin kuɗi da ke nesa?

Na kusa, kusan ko da yaushe. Abin da ka rage a kuɗin ɗaki zai tafi a kuɗin tasi, sauran kuma ya tafi a barcin da ka yanke don ka riga cunkoso fita. Kada ka auna tazara da kilomita. Ka buɗe taswira, ka saka ranar aiki da ƙarfe takwas na safe, ka ga minti nawa za ta ba ka. Kilomita huɗu a tsakiyar babban birni na iya cin awa guda. In har za ka iya takawa da ƙafa cikin minti goma sha biyar, ka gama samun abin da ya fi kowane tauraro.

Sai dai in jirginka na komawa na asuba ne. A nan yana da kyau daren ƙarshe ka koma kusa da filin jirgi.

Ta ina ya fi in kama ɗaki: shafukan dillalai ko otal ɗin kai tsaye?

Ka fara da tambayar ofishinku, domin kamfanoni da yawa suna da yarjejeniyar rangwame da wasu otal-otal, ko kuma iyakar abin da suke biya a kowane dare. Wanda ya kama ɗaki kafin ya san wannan iyakar, shi zai cike gibin daga aljihunsa.

Shafuka irin su Booking.com da Expedia suna da daɗi wajen kwatanta farashi. Amma otal yana biyan su kamasho a kan kowane ɗaki, don haka yakan fi sakin hannu ga wanda ya zo masa kai tsaye: ya sauya maka rana, ya ba ka ɗaki mafi kyau, ya ƙara maka awa ɗaya ranar fita. Idan kuma ta hannun dillali ka biya aka samu matsala, otal zai ce ka koma wa dillalin, dillalin ya ce ka jira otal, kai kuma kana tsaye da jaka. Manyan kamfanonin otal ma galibi ba sa ba da makin lada na baƙin dindindin ga ɗakin da aka kama ta dillali.

Akwai kuma farashi iri biyu da za ka gani a ɗaki ɗaya. Mai rahusa shi ne wanda ba a mayar da kuɗi in ka fasa. Ɗayan ya ɗan fi tsada, amma za ka iya sokewa har zuwa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Tafiyar aiki ba ta da alƙawari: a ɗage taro, biza ta makara, shugaba ya sauya ra'ayi. Araha ba ta ado a nan. Ka ɗauki wanda ake iya sokewa.

Jirgina zai sauka da sassafe. Za a ba ni ɗaki?

Ba lallai ba. Yawancin otal-otal suna fara ba da ɗaki ne da ƙarfe biyu ko uku na rana, masu fita kuma su fita da sha ɗaya ko sha biyu. Awannin tsakani na masu shara da sauya zanen gado ne. In otal bai cika ba daren jiya, za su iya ba ka da wuri, kyauta ko da ɗan ƙari. In kana da ganawa da ƙarfe goma kuma dole ka yi wanka ka sauya kaya, hanya ɗaya ce tabbatacciya: ka kama ɗakin tun daga daren da ya gabata, ka kuma rubuta musu cewa da safe za ka iso. In ba ka sanar ba, za su ɗauka ba ka zo ba, su caje ka kuɗin daren, su soke sauran kwanakin.

Haka ma in za ka iso tsakar dare. Otal-otal kan sayar da ɗakuna fiye da waɗanda suke da su, bisa lissafin cewa wasu ba za su zo ba. Ranar da kowa ya zo, wanda ya iso ƙarshe shi ake turawa wani otal. Saƙo ɗaya da yamma, cewa kana hanya, yakan fitar da kai daga wannan layin. In duk da haka aka tura ka, abin da aka saba shi ne su biya maka daren farko a can da kuɗin motar kai ka. Ka nemi hakan cikin natsuwa, a rubuce.

Na biya kuɗin ɗaki, me ya sa aka sake riƙe wasu kuɗi a katina?

Wannan ita ce tambayar da ta fi tayar wa sabon matafiyi hankali. Ba cirewa aka yi ba, jingina ce. Otal yana neman bankinka ya killace wani adadi saboda abin da ka iya biyo baya: abincin da ka sa aka rubuta a lambar ɗaki, wanki, abin sha daga ƙaramin firij, ko ɓarna. Ranar fita sai su ɗauki abin da ka ci, su saki sauran.

Matsalar tana wajen sakin. Otal na iya saki yau, bankinka ya ɗauki kwanaki, wani lokacin har ya haura mako biyu, kafin kuɗin su dawo. In katin bashi ne, abin da ya taɓu kawai shi ne iyakar da banki ya ba ka. In kuwa katin asusunka ne na yau da kullum, kuɗinka na gaske ne aka ɗaure, kuma za ka iya zuwa biyan abincin rana kati ya ƙi. Don haka ka tambayi adadin kafin ka miƙa kati, kuma in kana da kati biyu, ka ware ɗaya don otal kawai.

In kamfani ne zai biya, kada ka dogara da "an riga an yi magana". Sai sun aika wa otal takardar izini mai nuna abin da suka ɗauka: ɗaki kawai, ko ɗaki da abinci. Ka sa a turo maka kwafi. Ma'aikacin da ke kan aiki da ƙarfe ɗayan dare bai san wata magana ba, abin da ke cikin kwamfutarsa kawai ya sani.

Wani abu kuma in kana ƙasar waje: na'urar biya za ta iya tambayarka ko a caje ka da kuɗin ƙasarka ko na ƙasar da kake. Zaɓi na ƙasar da kake. Ɗayan yana kama da taimako, amma canjin da ake yi maka a ciki kusan kullum ya fi na bankinka tsada.

Sun karɓi fasfona sun yi kwafi. Daidai ne?

A ƙasashe da dama doka ce. A Italiya otal yana miƙa bayanan baƙo ga 'yan sanda cikin awa 24, a Sin ma ana yi wa baƙon waje rajista. Su duba, su rubuta, su maido maka. Ba sai ya kwana a hannunsu ba, kuma kana da damar cewa za ka tsaya a gama.

Wane ɗaki ya kamata in roƙa?

Mai nisa da lif, mai nisa da ɗakin ajiyar masu shara, wanda tagarsa ba ta kallon babban titi, kuma ba saman wurin taro ko mashaya ba. Ka tambaya ko yana da ƙofar da ta haɗa shi da ɗakin maƙwabci, domin ta ƙarƙashin irin wannan ƙofar kana jin har tarin mutum. Kyan gani daga taga ba ya cikin lissafi. Da duhu za ka fita, da duhu za ka dawo.

A lura da lambar hawa. A Amurka hawa na ɗaya shi ne na ƙasa, a Ingila da yawancin Turai kuwa na ɗaya shi ne wanda ke samansa. Otal-otal da yawa a Amurka ma ba su da hawa na 13 a jikin lif, daga 12 sai 14.

Da na shiga ɗaki, me zan fara dubawa?

Kafin ka zazzage jaka, minti biyar sun isa. Kunna famfo ka ji ruwan zafi. Kunna na'urar sanyaya ɗaki ka saurari ƙararta. Gwada sakatar ƙofa. Ɗaga zanen gado ta wajen kai, ka haska ɗinkin katifa da fitilar waya: ɗigo-ɗigo baƙaƙe ko jajaye alamar kuɗin cizo ne. Wannan ƙwaro ba ruwansa da tsadar otal ko tsabtarsa, a jakar matafiya yake yawo, kuma a jakarka zai bi ka gida. Shi ya sa ba a ɗora jaka a kan gado kafin a duba.

Daga nan ka karanta taswirar da ke bayan ƙofa, ka fita baranda ka ƙirga ƙofofi nawa ne tsakaninka da matakalar gaggawa. Mutane na ganin wannan kamar tsoro ne ya yi yawa. A ranar 21 ga Nuwamba 1980 gobara ta tashi a otal ɗin MGM Grand na Las Vegas, mutum 85 suka mutu. Wutar a ƙasa ta tashi, amma yawancin mamatan a benaye na sama aka same su, hayaƙi ne ya kashe su. Cikin hayaƙi ido ba ya aiki, da hannu ake laluben ƙofofi, kuma ba a shiga lif. Bayan wannan gobara da wasu irinta, Amurka ta yi doka a 1990 wadda ta ɗaure tafiyar ma'aikatan gwamnatin tarayya da otal-otal masu na'urar gano hayaƙi a kowane ɗaki, da bututun fesa ruwa in ginin ya wuce hawa uku. Gwamnati ta ga abin ya kai a yi masa doka. Ƙirga ƙofa shida ba zai gagare ka ba.

Gadon yana da daɗi, amma daren farko ba na samun barci. Me ke jawo haka?

Ba kai kaɗai ba ne, kuma ba laifin katifa ba ne. Masu binciken barci sun daɗe da sanin cewa daren farko a baƙon wuri daban yake. A 2016 masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka suka nuna cewa a wannan daren ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ba ya nutsewa kamar na dama, yana zama kamar mai gadi, ƙaramin motsi sai ya tashe ka. A dare na biyu abin yakan lafa.

Amfanin sanin wannan a aikace yake. In ganawar da ta kawo ka mai nauyi ce, kuma ofis zai yarda, ka iso kwana biyu kafin ta, don daren farko ya faɗa a ranar da ba komai. In ka tsallaka yankunan lokaci, jiki kan ɗauki kamar kwana ɗaya a kan kowace awa ta bambanci, kuma tafiya gabas ta fi wuya. Abin toshe kunne da ƙyallen rufe ido ba su da nauyi. Labulen da ya ƙi haɗuwa a tsakiya kuma, matsin da ke jikin maratayin wando yana kama shi tsaf.

Zan iya yin aikin ofis da Wi-Fi na otal?

Za ka iya, da sharaɗi. Ka tambayi ainihin sunan layin a teburin baƙi, domin ba wuya wani ya buɗe layi mai suna kusan iri ɗaya don ya kama masu gaggawa. In shafin shiga ya ce sai ka sauke wata manhaja ko ka sabunta wani abu, rufe shi. In kamfaninku yana da VPN, wato manhajar da ke ɓoye bayanan da kake aikawa da karɓa ta intanet, kunna shi kafin ka buɗe wasiƙun aiki.

Ƙarfin layin kuma yakan faɗi da dare, lokacin da kowa ya dawo ɗaki yana kallo. In kana da taron bidiyo, gwada layin a daidai irin lokacin tun kwana ɗaya kafin nan, ka kuma tanadi data a wayarka don ko-ta-kwana.

Cajata za ta yi aiki?

Abu biyu ne: bakin soket da ƙarfin wuta. Ingila na amfani da ƙafa uku masu kusurwa, yawancin Turai ƙafa biyu zagayayyu, Amurka ƙafa biyu masu faɗi. Wutar Amurka da Kanada 120 ce, ta Japan 100, ta Turai 230. Cajar waya da ta kwamfuta kusan duk an rubuta musu 100 zuwa 240, don haka adafta kawai suke buƙata. Dutsen guga da na'urar busar da gashi ne ke ƙonewa in aka yi kuskure.

Ga wani tarko. A otal-otal da yawa sai ka zura katin ƙofa a wani rami kusa da ƙofa kafin wuta ta kawo, kana zare shi ta ɗauke. Na taɓa barin kwamfuta a caji na fita cin abincin dare, na dawo na kwanta, da safe na tarar ba ta sha komai ba, ga gabatarwa da ƙarfe tara. Tun daga ranar nake karɓar kati biyu.

Akwatin ajiya na cikin ɗaki amintacce ne?

Ya fi barin abu a kan tebur, amma manajoji suna da hanyar buɗe shi, dole ne ma, saboda masu manta lamba. Fasfo da kuɗi kaɗan, to. Abin da ɓatansa zai jawo wa kamfani bala'i, ya tafi tare da kai. Don kada ka manta da abin da ka ajiye, saka takalmi ƙafa ɗaya na waɗanda za ka sa ranar tafiya a ciki.

In gana da abokin hulɗa a ɗakina?

A'a. Zauren baƙi, wurin shan shayi ko ɗakin taro da ake haya na awa, duk don haka aka yi su. Yana kare mutuncinka da na baƙonka.

Ga mace mai tafiya ita kaɗai akwai ƙari kaɗan. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya faɗin lambar ɗaki da ƙarfi, rubutawa yake a jikin ambulan ɗin kati. In ya faɗa mutane na ji, ki nemi a sauya miki, ba sai kin yi dogon bayani ba. In aka ƙwanƙwasa aka ce ma'aikaci ne alhali ba ki kira kowa ba, ki buga wa teburin baƙi kafin ki zare sakata. Maza ma shawarar ba za ta cutar da su ba.

Ɗakin yana da matsala. Yaya zan yi?

Ka faɗa nan take, ka faɗi abin da kake so a yi. "Na'urar sanyi tana ƙara, ina da aiki da safe, a sauya mini ɗaki" ya fi dogon faɗa tasiri. Ƙorafin da aka ajiye har ranar fita ba ya gyara komai, ɗan rangwame kawai yake iya samowa, shi ma aljihun kamfani zai koma, kai kuwa ka riga ka rasa barcinka. Ɗauki hoto, ka rubuta sunan wanda ka yi wa magana da lokacin.

Ranar fita, me zan tabbatar kafin in bar wurin?

Takardar lissafi. Nemi a ba ka ita tun daren ƙarshe, lokacin da babu layi, ka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Duba yawan darare. Duba ko an caje ka karin kumallon da ke cikin kuɗin ɗaki tun farko. Duba ƙaramin firij: wasu suna da na'urar da ke rubuta kuɗi da zarar ka ɗaga kwalba, ko da ka mayar. Za ka iya ganin harajin birni da ba ka gani ba lokacin kama ɗaki. Roma da Paris suna karɓarsa a kan kowane mutum kowane dare, Amsterdam kuma kashi 12.5 cikin ɗari na kuɗin ɗaki tun 2024. A Amurka farashin da aka fara nuna maka sau da yawa bai haɗa da haraji ba. Waɗannan halal ne, amma su fito a rubuce.

Sai sunan da ke saman takardar. In kamfani zai maido maka kuɗi ko zai nemi ragin haraji, sau da yawa sai sunan kamfanin da adireshinsa, wani lokacin har lambar harajinsa, sun fito a jiki. Gyara wannan kana tsaye a gaban ma'aikaci minti biyu ne. Bayan ka koma gida kuwa sai wasiƙu sun yi ta kai da komo. In akwai abin da ka ci na ƙashin kanka wanda ofis ba ya biya, ka ce a raba takardar biyu, ka biya naka daban. Ƙaramin rasit ɗin da na'urar kati ke fitarwa bai wadatar ba, jimla kawai yake nunawa, akanta kuma dalla-dalla yake so.

In jirginka na yamma ne, ka roƙi ƙarin awa ɗaya ko biyu tun da safe, ko ka bar jakarka a ma'ajiyarsu ka karɓi tikiti. Kafin ka ja ƙofa, leƙa bayan ƙofar banɗaki, ƙarƙashin filo, da soket ɗin da ke gefen gado, inda caja ta fi kwana.